Ranar da Rumbun Kawu Ya Cika

Shekarun baya, tun gashin gaban kaina bai fara ja da baya ba, na yi wani aiki a Dutsin-Ma wanda har yau mahaifiyata ba ta gama yarda aiki ne ba. In an tambaye ta me ɗanta yake yi, sai ta ce, "Yana can jami'a yana kai magana." Da farko abin yana sosa mini rai, daga baya na ga ta fi ni iya bayyana shi. Malaman jami'a su yi bincike, su rubuta shi da Turancin da ko ɗalibansu ba sa karantawa sai dole. Can kuma a Katsina da Abuja ga masu tsara manufofi, ga ƙungiyoyin ƙasashen waje masu ba da tallafi, waɗanda in takarda ta wuce shafi biyu sai su ajiye ta su ce sai an jima. Ni ne a tsakiya. In ɗauko binciken nan mai kauri, in tatse shi, in kai wa masu yanke hukunci, in yi ta naci har wani ya gaji da ganin fuskata ya duba. Dillanci ne dai, sai dai babu la'ada.

A lokacin akwai wani abokina, malami a sashen noma, da ya yi bincike a ƙauyukan Barkiya ta ƙasar Kurfi. Abin da ya gano duk ɗan ƙauye ya san shi, amma ba a taɓa rubuta shi yadda mai ofis zai gane ba. Idan damina ta yi tsakiya, an gama noman farko, gero bai nuna ba, rumbuna sukan ƙare. Maigida sai ya bar gonarsa ya tafi ƙodago gonar wani, don ya samo abin da za a ɗora a tukunya ranar. Kafin ya waiwayo ciyawa ta cinye tasa, da kaka ya samu kaɗan, baɗi rumbu ya sake ƙarewa da wuri. Shawarar abokina ita ce a yi wa kowane gari rumbun tsimi: a sayi hatsi da kaka a ajiye, a ranta wa mutane a tsakiyar damina, su mayar in sun girbe. Ya san abin da yake faɗa, domin ya zauna da su har suka gaji da ɗaukarsa baƙo, suka koma miƙa masa kwaɗon tafasa kamar kowa.

Ɗaya daga cikin ƙauyukan nan shi ne mahaifar mahaifiyata. Yayanta, kawuna, shi ne mai unguwa. Can nake hutun makaranta ina yaro, can na koyi hawan jaki da faɗowa daga kansa.

Sai ga wata ƙungiyar waje ta fito da shirin gina irin waɗannan rumbuna tare da gwamnati. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Na yi watanni ina zarya da binciken abokina, daga wannan ofis zuwa wancan, har masu gadi suka daina tambayata wurin wa na zo. A ƙarshe aka ce wakiliyar ƙungiyar za ta zo da wani darakta daga ma'aikata, su ga ƙauye ɗaya da idonsu kafin a yanke. Amma da sharaɗi: kada a gaya wa mutanen gari akwai wani shiri. Sun ce an sha yi musu wasa a wasu wurare, da an ji masu tallafi na tafe sai a kora shanu daji, a sa wa yara tsumma. Na buga ƙirji na ce mutanenmu ba sa haka. A nan kam ban yi ƙarya ba.

Na zaɓi garin kawu, don nan na fi sanin hanya, nan kuma abokina ya fi daɗewa. Garin ba sabis, sai an hau wani tudu bayan makaranta kafin waya ta shiga, saboda haka na tari kawu ranar kasuwar Kurfi. Na same shi a rumfar masu taki yana taya, ba ya saye. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, zan kawo baƙi daga wurin aikina, ganin gari kawai za su yi. Don Allah kada ku wahalar da kanku. Kada a yi komai, yadda kuke su same ku."

Ya ce, "To madalla. Ba komi, Allah ya kawo su lafiya."

Na hau mota na koma Dutsin-Ma ina jin na iya aiki.

Ana gobe tafiya, da yamma ina gugar kaftanina a tsakar gida, mahaifiyata tana tsintar wake, ta tambaye ni abin da na gaya wa yayanta. Na maimaita mata kalma da kalma, har da ɗan alfahari. Ta ajiye faifan ta dube ni.

"Kai ɗan nan, ina ka baro hankalinka? Wane baƙo ya taɓa aikowa ya ce a wahala? Duk wanda ya ce kada a yi komi, ai cewa ya yi a yi komi da komi. Kuma Yayana ka faɗa mawa?"

Na bar dutsen guga a kan riga na ɗauki waya, na kira kawu, ba ta shiga. Na kira malamin makarantar garin, ba ta shiga. Na yi ta kira har na ji ƙauri, kaftani ya tafi. Na yi tunanin hawa babur in je, amma magariba ta kawo jiki, kuma hanyar nan a shekarun ba wadda ake bi da duhu ba ce. Mahaifiyata ta ci gaba da tsintar wakenta tana cewa, "Sai dai ka yi addu'a."

Na kuwa yi. Tun da nake ban taɓa roƙon Allah ya nuna dangina a wahale ba sai ranar.

Da safe muka tashi da motoci biyu. An yi ruwa, hanya ta jiƙe, kuma an gargaɗe mu lallai mu baro garin kafin la'asar. Wakiliyar mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar wata ƙasa a gabashin Afirka, ba ta da yawan magana, ta iya "sannu" da "na gode" tana ta juya su. Daraktan Bakatsine ne, dattijo, carbi a hannu. Ni da abokina muna baya. Daga Kurfi muka sauka titi muka kama hanyar daji, gero ya yi kore shar dama da hagu, ko kai bai fitar ba. Duk gonar da na ga ciyawa ta yi mata yawa sai in nuna wa baƙuwar ta taga, in ce ga abin da binciken yake faɗa. Ita ko tana gyaɗa kai.

Tun daga bakin gari na san ta faru ta ƙare. Akwai wani kwatami a mashigar garin da tun ina yaro yake kama motoci, na tarar an cike shi da yashi da rassan itace. An share hanya tas. Maza sun jeru a ƙofar gidan kawu cikin rigunan Salla, har layin ninki bai bar jikinsu ba. Iska ta kaɗo ƙamshin soyayyen nama.

Abokina ya matso kunnena ya ce, "Mun shiga uku. Ka ga mai shuɗiyar babbar rigar can? Makon jiya a gonar wani Alhaji na same shi yana ƙodago, bai karya ba har azahar."

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin wani ƙaton icen ɗorawa. Sai kwanuka suka fara fitowa. Fura mai kauri da nono da zuma, dambun gero ya sha mai, waina, tuwo, farfesun rago, zabbi. Ba a gama ajiye wannan ba wani ya fito. Baƙuwa ta ɗanɗana fura ta lumshe ido ta ce na gode, mutane suka yi dariyar jin daɗi. Ni kuwa kowane kwano na kalla sai in ga kwanakin wani gida ne aka juye a ciki.

Na ce bari in shiga cikin gida in gai da matar kawu, wadda muke kira Inna. Na tarar da tsakar gida cike da mata, tukwane a kan murhu, ita tana tsakiya tana ba da umarni, zani ɗaure a ƙirji. Ta ganni ta washe baki.

"Ɗan albarka! Ka gani ko? Tun shekaranjiya anka hau daka, ba gidan da bai kawo nashi ba. Ragon na gidan liman ne, da shi ya so ya kai kaka."

Na ce, "Inna, ai na ce kada a yi komai."

"Yo mi munka yi? Wanga har wani abu ne?" Ta jawo hannuna ta rage murya. "Kuma kada ka ji komi kan maganar rumbu. Malamin nan abokinka ya faye tambayar rumbu, kawunka ya ce lallai su ma baƙin sai sun tambaya. Jiya duk abin da ya rage ma kowa a garin nan an kwaso an zuba a namu. In sun tafi kowa ya ɗauki nashi."

Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Ta ɗauka gajiya ce, ta sa aka kawo mini ruwa.

Da na fito na yi wa kawu alama, muka zaga bayan masallaci. Ya tsufa fiye da yadda na gan shi a kasuwa, ko kuwa rawanin ne ya sa fuskarsa ta ƙara faɗawa. Na ce, "Kawu, in matar nan ta yi tambaya, don girman Allah ka faɗa mata yadda ake ciki. Ka gaya mata rumbuna sun ƙare."

Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Wace irin magana ce wagga? Baƙo ya taso takanas ya zo gidanka, ka tare shi da kuka? Allah ya rufa muna asiri, ni in sa hannu in buɗe? Haba kai kuwa. Karatun ne ya kawo haka?"

Maganar shirin ta zo mini har bakin leɓe. In na faɗa, na karya sharaɗin da na ɗauka, kuma in ta fito an tsegunta, ba garin kawu kaɗai ba, duk ƙasar Kurfi za a iya cirewa, ni kuma ba mai sake sauraron abin da na kawo. In na yi shiru, ga inda aka dosa. Ina cikin wannan lissafi direba ya leƙo ya ce darakta na nemana, lokaci na tafiya. Kawu ya gyara rawaninsa ya wuce gabana.

Aka zauna. Baƙuwa na tambaya da Turanci, ina mayarwa da Hausa, darakta na gefe yana jan carbi, yana jin kowane ɓangare sarai. Wannan ya toshe mini ƙofar da shaiɗan ya fara nuna mini, ta in ƙara gishiri a fassara.

Ta ce, a irin wannan lokaci na damina, yaya abinci yake a gidaje?

Kawu ya ce, "Alhamdulillahi, sai godiya. Ba mu rasa komi ba."

Na fassara, muryata kamar ta mai karanta sanarwar rasuwa.

Ta ce ta karanta cewa magidanta kan bar gonakinsu su yi aiki a na wasu. Wani dattijo ya karɓe, ya ce, "Taimakon juna ne, Hajiya. Yau a naka, gobe a nawa." Mai shuɗiyar rigar nan yana kusa da shi yana gyaɗa kai da ƙarfi. Abokina ya sa baki, ya fara bayanin abin da ya gani da idonsa, amma da ya ɗaga kai ya ga mutanen da suka ciyar da shi suna kallonsa, sai maganar ta riƙa yin ƙasa har ta mutu. Ban ga laifinsa ba.

Ta ce tana son jin ta bakin mata. Raina ya ɗan dawo, na ce mata ai ba sa iya ɓoye abin da ke cikin tukunya. Na raka ta ciki tunda ni ɗan gida ne. Wata tsohuwa ta gyara zama ta fara, "Wagga shekara dai, 'yar nan..." Inna ta juyo ta yi mata wani kallo. Tsohuwa ta haɗiye ta ce, "...ruwa ya yi kyau." Mata suka amsa da alhamdulillahi.

Da muka fito baƙuwa ta tsaya tana kallon rumbunan da ke bayan gida. Ta ce ko za a yarda ta leƙa ɗaya.

A wajenmu ba a leƙa rumbun mutum, ko ɗan da ka haifa ba ya yi sai ka aike shi. Na fassara a hankali, ina fata a zuciyata kawu ya ji nauyin abin ya ƙi, ko ta nuna wani rumbun ba nasa ba. Ƙin kansa da ya gaya mata wani abu. Amma kafin ta ɗaga yatsa kawu ya miƙe, ya ce, "Bismilla," ya kama hanyar nasa. Aka kawo tsani, aka ɗaga jinka. Ta hau, ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ciro waya ta ɗauki hoto.

Ni ma na hau bayanta. Rumbun da na san a irin wannan wata sai an zura jiki har ƙugu kafin a taɓo dami, ya cika har wuya. Damman ba iri ɗaya ba, wani ɗaurin igiyar rama, wani na kaba, wani geron ya yi baƙi don tsufa. Duk abin da garin ya mallaka tsakaninsa da kaka ke nan, kuma bai wuce cikin rumbu ɗaya ba. Da ta san abin da take kallo, da babu hujjar da ta fi wannan. Na sauko, kawu yana ƙasa riƙe da tsani yana murmushi.

Suka raka mu har bakin gari, aka cusa mana zabbi biyu da ƙwaryar ƙwai a bayan mota.

Ba mu yi nisa ba na kasa daurewa. Na karkata na gaya wa baƙuwar komai: ragon liman, rigunan Salla, damman da aka tattaro. Ina magana ina haɗa Turanci da rantsuwar Hausa. Ta saurare ni har na gama, ta juya ga darakta ta tambaye shi ko hakan na yiwuwa. Ya ce ƙwarai kuwa. Sannan ya waiwayo ya ce mini da Hausa, "Malam, tun da na ga kwanon farko na gane. Amma a gaban mai gida wa zai faɗa? Kai ka sani, ni na sani. Ita kuwa abin da ta gani za a tambaye ta."

Muka hau titin Kurfi. Can ta ce ta yarda da ni, kakarta ma da haka za ta yi. Amma ba ita kaɗai ke yankewa ba, kwamiti ne, kuma akwai garuruwan da ta leƙa rumbu ta ga ƙasa, ta ɗauki hoto. Nan kuma ga abin da ta ɗauka. Sai ta ƙara da tambayar da ta ƙarasa ni: ta ji ana kirana ɗan gida, mai unguwar ɗan'uwana ne? Na ce kawuna ne. Ta ce, cikin taushin murya, to in na ce garin kawuna ya fi kowa bukata, na san yadda kwamiti zai ji maganar.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Waya in ta yi ƙara sai in zabura in ɗauka. Ni da abokina muka sake rubuta bayani, muka roƙi a dawo ba sanarwa, a sauka kowane ƙauye aka ga dama a yankin. Aka ce za a duba, daga baya aka ce hanya ba ta ba da dama. Ina cin abinci a gida sai in tuna geron can bai nuna ba tukuna, kuma abin da aka dafa mana ba zai koma rumbu ba. Na rame har mahaifiyata ta daina yi mini tsiya, wanda a wajenta alamar abin ya yi tsanani ce.

Da sakamako ya fito, shirin ya tafi wasu yankuna. Rahoton ya jingina hujjarsa kacokan a kan binciken abokina, har da yabo. Wato abin da aka koya a ƙauyukan Barkiya da shi aka gina wa wasu rumbu. A wani shafi can ciki kuma ga hoton rumbun kawu, an rubuta a ƙasansa cewa misali ne na al'ummar da ta iya tanadi da kanta. Abokina ya kalli hoton ya yi dariya har ya share hawaye, ban tambaye shi na mene ne ba.

A garin kuwa, shekarar an fita ƙodago da wuri fiye da kullum. Kawu ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa. Na sayi hatsi gwargwadon ƙarfina na aika, amma sai da mahaifiyata ta ce a kai da sunanta, a ce tsarabar ƙanwa ce, in ba haka ba zai dawo da shi. Na ji labarin ko kwana bai yi a gidansa ba ya rarraba.

Ban bar aikin ba, amma na sake yadda nake yinsa. Da ina ɗauka wahalar dillancin nan a sama take, wajen shawo kan mai ofis ya karanta. Ashe mutanen da ake rubutu a kansu su ma suna da abin da suke karewa, kuma ya fi musu tuwon gobe. Masu tallafi sun zo da tsoron a yi musu ƙaryar babu, ba wanda ya gaya musu akwai garin da zai yi musu ƙaryar akwai, ni da ya kamata in gaya musu kuma a jikina na tashi da abin har na daina ganinsa. Tun daga nan ban sake yarda da sharaɗin a ɓoye wa mutane dalilin zuwa ba. Nakan zauna da dattawa tun kafin ranar, in faɗa musu abin da ke kan faifai, a nemi hanyar da za a faɗi gaskiya ba a tsakiyar taro ba. Ban kuma sake kai baƙo garin dangina ba. Duk da haka, har yau in muka doshi ƙauye da baƙi na ga an share hanya, sai rumbun kawu ya faɗo mini a rai.

Kawu dai bai san abin da ya wuce shi ba. Na so in gaya masa. Da kakar shekarar na shirya musamman na tafi, ina ta jera kalmomi a hanya. Na same shi a zaure da mutane, gero ya shigo, fuskoki sun ɗan ciko. Ban gama zama ba ya nuna ni ya ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi. Ran da ya kawo manyanshi, mun ba shi kunya?" Zaure ya ɗauka da a'a wallahi, kowa na tuno abin da gidansa ya kawo, liman na ba da labarin kitsen ragonsa.

Da aka watse ya rage daga ni sai shi. Na gyara murya zan fara, ya riga ni.

"Ka san abin da ya sa munka yi haka? Duk zuri'armu kai kaɗai ka kai inda ka kai. Da ka ce mani daga wurin aikinka suke, na tara mutane na ce masu, ɗanmu zai kawo waɗanda ke sama da shi. Ko mi za a yi, ba za su koma su riƙa kallonshi suna cewa dangin uwarshi mayunwata ne ba. Ba wanda ya yi gardama, ko mutum ɗaya." Ya murza gemu, sannan ya dube ni. "To yaya? Sun ga girmanka? An ƙara maka matsayi?"

Ba a ƙara mini komai ba. Na kalli turken da sa ɗaya ya rage a kai ta ƙofar zaure, na kalli tsohon nan yana jiran amsa. Duk kalmomin da na jero a hanya suka watse.

Na ce, "An ƙara, Kawu."

Ya ɗaga hannuwa sama ya shafa a fuska.

"Alhamdulillahi," ya ce. "Ashe geronmu bai tafi banza ba."